Shekara guda ina koya mata rubutun Turanci, amma kurakuran ba su ƙare ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar lesin ce a Zariya. Fiye da shekara guda ke nan ina koya wa wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare rubutun Turanci. Bakinta ya buɗe, amma idan ta rubuta insha'i kurakuran da na gyara mata bara su take maimaitawa, alhali ba na barin kuskure ko ɗaya ban bi shi da jan biro ba. Yanzu mahaifinta yana so ya mayar da ita wata cibiya da ta yi alkawarin yaro zai iya Turanci cikin wata uku, inda ake ba su insha'i su haddace. Shin ni ce na gaza?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana ba alamar gazawa ba ne. Tun a 1981 masanin ilimi Jim Cummins ya nuna, daga bayanan 'ya'yan baƙi a makarantun Kanada, cewa yaro kan iya Turancin hira cikin kimanin shekara 2, amma Turancin karatu da rubutu yakan ci shekara 5 zuwa 7. Waɗancan yara kuwa Turanci suke ji a titi da kasuwa, ɗalibarki Hausa take ji da zarar ta fita daga aji.

Inda nake so mu tsaya shi ne maganar hadda, domin babu makon da ba na cin karo da ɓarnarta. Mutanenmu suna girmama hadda, kuma suna da hujja, tunda ita ce ginshiƙin karatun allo. Sai dai nassin da ake haddacewa an so a maido shi yadda yake, babu ƙari babu ragi, shi kuwa insha'i an so yaro ya ƙirƙiro jimlar da bai taɓa gani ba a kan batun da ba a gaya masa tun da wuri ba. Masu waɗannan cibiyoyi sun san haka sarai, amma sun gane cewa uba zai ji daɗi idan 'yarsa ta dawo gida tana zuba Turanci mai santsi, ba zai kuma tambaya ko nata ne ba. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO ake gane gaskiya. A ce ta rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan ƙarancin ruwa, ita kuwa abin da ke kanta wasiƙa ce zuwa ga ƙawa, sai ta tusa abin da ta haddace ƙarfi da yaji. Mai duba takarda yana ganewa tun daga sakin layi na biyu, inda Turancin aro ya ƙare nata ya fara. Insha'in WAEC kalma 450 ake nema, maki 50 ne, an raba su tsakanin ma'ana da tsari da iya sarrafa harshe da kiyaye ƙa'idojin rubutu, kuma wanda ya kauce wa tambaya makin ma'ana ya tafi komai kyan jimlolinsa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, yaron da aka saba wa hadda yakan daina yarda zai iya ƙulla jimla da kansa, har ya shiga jami'a yana neman wanda zai rubuta masa aikin aji. Dawo da irin wannan yaro kan hanya ya fi koya wa sabon shiga wahala.

Ke ma akwai abin da za ki sauya. Masana sun yi jayayya kan amfanin gyaran nahawu tun bayan da John Truscott ya yi suka a kansa a 1996, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999, amma a aikace na ga cewa shafin da aka rine da ja ba ya koyar da komai, ɗalibi maki kawai yake dubawa ya naɗe takardar. Ki zaɓi kuskure iri biyu kawai ki bi su na tsawon makonni. Misali, yaranmu sukan rubuta "My father he went", saboda a Hausa "Babana ya tafi" ake cewa, wakilin suna ba ya faɗuwa. Ki nuna mata tushen abin sau ɗaya, daga nan ki riƙa ja layi kawai a ƙarƙashin wurin, ita ta nemo gyaran, ta sake rubuta insha'in karo na biyu. Ki kuma sa ta karatu kullum, ko da shafin jarida ne.

Game da mahaifinta, kada ki yi gardama da shi. Ki ɗauki rubutunta na watan farko da na wannan wata ki ajiye a gabansa, a ƙirga kurakurai a cikin kalma 100 na kowanne. Idan duk da haka ya nace sai cibiyar, ki roƙe shi ya sa su ba tsofaffin ɗalibansu sabon batu su rubuta a gabansa kafin ya biya ko kwabo.