Ɓoye akwatin wasan GPS a Gidan Makama: a ina za a sa shi?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son ɓoye akwati a Gidan Makama da ke Kano ka sa shi a Geocaching.com, shafin wasan da ake ɓoye akwati a wallafa lambobin GPS na wurin don wasu su nemo shi, kana tambayar lungun da ya fi. Wurin ya dace, amma akwatin kada ya kusanci ginin.

Gidan nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci Kano a 1903, yau kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ginin ƙasa ne da azara. GPS na waya yakan yi kuskuren mita 5 zuwa 10, cikin soro mai kaurin bango ma ya fi haka. To mai nema da wayarsa ta ce masa ya iso, sai ya hau laluben duk wani rami, yana ɓantare yaɓe. Mutum talatin su yi haka, damina ta ƙarasa aikin. Dokar wasan ma ta hana tono da huda bango, kuma ramin tsohon gini ɗakin kunama ne.

Abin da ya fi shi ne ka yi mai matakai, wato wanda sai mai nema ya tattara amsoshi a wani wuri kafin ya san inda akwatin yake. Lambobin GPS da za ka wallafa su tsaya a bakin ƙofar gidan. Mai nema ya shiga ya ƙirgo abu uku, misali ƙarafan da ke jikin tsohon ƙyauren ƙofar gari da aka adana, ko bakan gizon wani soro. Amsoshin su ne za su cike lambobi ukun ƙarshe na inda akwatin yake a waje. Kada ka tambayi shekara, don wannan daga kan katifa za a samo ta a intanet.

Wajen ɗaukar lambobin akwatin, tsaya a fili, ka ba wayar minti biyu ta natsu, ka ɗauka sau biyar a ranaku daban-daban ka fitar da matsakaici. Rubuta su da digiri da minti, kamar N 11° 59.xxx. Lamba ɗaya a ƙarshe kusan mita 2 ce a ƙasa, kuskuren rubutu kaɗan sai ya tura mutum cikin gidan wani. Tsakaninka da wani akwatin kuma sai an sami mita 161, in ba haka ba mai tantancewa na shafin zai dawo maka da shi.

Akwatin ya zama na roba mai murfin murɗawa. Gwangwani ba ya kwana, 'yan jari-bola za su ɗauke. Takardar da masu gano akwatin ke sa hannu a kai, a saka ta cikin leda biyu, saboda ruwan Agusta da gara, a haɗa da fensir, don biro bushewa yake da zafin Afrilu. Ban da alewa ko dabino, tururuwa za ka gayyato.

Sai babbar magana, izini. Je ka ga shugaban gidan da takarda, ka nuna wa masu gadi akwatin da idonsu. Unguwar fada ce, akwai dogarai da jami'an tsaro, kuma tun harin Janairun 2012 ba a wasa da ƙunshin da ba a san mai shi ba a Kano. Wasu kuma suna ganin baƙo yana cusa abu a lungu za su ce asiri yake binnewa. Shi ya sa mai shayi ko mai shagon da ke kusa ya fi kowane lungu: ya san da zancen, akwatin na maƙale a ƙarƙashin bencinsa. Rubuta a murfin da Hausa cewa kayan wasa ne, har da ajami in da hali, ka sa lambar wayarka.

A shafin ka gargaɗi masu zuwa su kauce wa lokacin Juma'a da ranakun hawan Sallah, hanyar ba ta biyuwa.