Tambaya da Amsa: Wane Tsayi Zan Rubuta a Takardar Tsarin Tafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon tuƙin jirgin sama, kuma na kai matakin tuƙi da na'urori, inda matuƙi ba ya dogara da abin da idonsa ke gani a waje. An koya mana cewa a lissafin dubban ƙafa na tsayi, mai zuwa gabas yana ɗaukar lambar mara, mai zuwa yamma kuma lambar cika. Shin wannan ƙa'ida kaɗai ta ishe ni wajen zaɓar tsayin da zan rubuta a takardar tsarin tafiya, ko kuwa akwai abin da ya fi ta ƙarfi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙa'idar da aka koya maka daidai ce, sai dai iyakar aikinta shi ne ta fitar maka da rabin matakan da ba naka ba, sauran zaɓin kuwa yana hannun taswirar hanya, da ƙarfin jirginka, da mai kula da zirga-zirgar jirage.

Bisa tsarin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, idan hanyarka tana tsakanin digiri 000 da 179 a ma'aunin maganaɗisu, naka su ne FL310, FL330, FL350 da makamantansu. Idan kuwa tana tsakanin 180 da 359, sai ka ɗauki FL320, FL340 ko FL360. FL350 na nufin ƙafa 35,000 a na'urar auna tsayi da aka saita a kan nauyin iska na 1013.25 hPa, kuma da yake kowa a sama yana kan wannan saiti guda, tazarar da ke tsakanin jirage ba ta rushewa ko da nauyin iska ya sauya. Abin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a kansa shi ne, ana duba layin da jirgi ke bi a kan ƙasa ne, ba inda hancinsa ya dosa ba. A ce hanyarka digiri 170 ce, iska kuma tana kaɗowa da ƙarfi daga yamma har ta sa ka karkata hancin jirgi zuwa 182. Duk da haka lambar mara ce taka, domin layin bai bar 170 ba.

Tazarar ƙafa 1,000 tsakanin FL290 da FL410 tana aiki ne a ƙarƙashin tsarin RVSM, wato tsarin rage tazarar tsayi tsakanin jirage, wanda aka fara a arewacin Tekun Atlantika a 1997, Turai ta bi a 2002, Amurka a 2005, Afirka kuma a 2008, kuma sai jirgin da aka tantance na'urorinsa ne ke da hurumin shiga. Sama da FL410 tazarar tana komawa ƙafa 2,000, inda mai zuwa gabas ke samun FL450, mai zuwa yamma kuma FL430.

To, ga abin da ya fi ƙa'idar ƙarfi. Ba kowace ƙasa ce ke raba sama gabas da yamma ba, domin Faransa da Italiya da New Zealand, inda yawancin zirga-zirga ke gudana tsakanin kudu da arewa, sun raba tasu ta wannan fuska. Haka nan akwai hanyoyin sama da ake bi ta gefe ɗaya kawai, akwai kuma waɗanda aka buga musu nasu matakan a taswira saɓanin abin da lissafin digiri zai ba ka. Duk inda taswira ko littafin bayanan sufurin sama na ƙasa ya faɗi wani abu, shi ake bi.

Shawarata ita ce ka fara lissafi daga ƙasa. Kowane yanki na hanya yana da mafi ƙarancin tsayin da aka halatta, wanda ya kamata ya ɗaga ka aƙalla ƙafa 1,000 a kan abu mafi tsawo da ke cikin kilomita 8 daga inda kake, ko ƙafa 2,000 a yankin duwatsu. Idan wannan tsayi ƙafa 8,600 ne kana kuma zuwa yamma, 8,000 ta haramta gare ka, 9,000 ta masu zuwa gabas ce, don haka 10,000 ce farkon abin da za ka iya nema. Daga nan sai ka duba hasashen yanayi: a wane mataki ne iska za ta tura ka, a wanne ne ƙanƙara za ta taru a fukafukai, kuma idan jirgin ba mai matse iska a ciki ba ne, kana da iskar shaƙa da za ta ishe ka? Manyan jirage ma ba sa iya kai wa tsayin da ya fi musu sauƙin mai tun daga farko saboda nauyi, shi ya sa suke hawa mataki-mataki yayin da mai ke raguwa.

A gurbi na 15 na takardar ake rubuta wannan duka. N0450F350 na nufin gudun not 450, wato mil ɗin teku 450 a awa guda, a FL350, kuma idan hanya ta lanƙwasa daga digiri 095 zuwa 200 a wani wuri, sai ka rubuta sunan wurin, ka ja karkataccen layi, ka sa N0450F360.

Wannan lanƙwasa ita ce ta fi damuna. A ranar 29 ga Satumba 2006, wani jirgi ƙirar Embraer Legacy da takardarsa ta nuna zai sauka daga FL370 zuwa FL360 bayan ya wuce Brasilia, babban birnin Brazil, ya ci gaba a FL370, matakin da masu kula da zirga-zirga suka ba shi tun farko ba su kuma sauya ba. Na'urarsa mai sanar da matsayinsa ba ta aiki a lokacin, sai ya yi karo da wani Boeing 737 da ke tahowa a kan hanya ɗaya, mutum 154 suka rasu. Abin da ka rubuta a takarda buƙata ce kawai, kuma ba ka da ikon sauya mataki da kanka don takarda ta ce haka, sai da izinin mai kula. Amma idan ka iso inda hanya ta juya, ka ga matakin da kake kai ya zama na masu tahowa, ka kira shi a rediyo nan take, ka faɗa masa matakin da kake da wanda ka rubuta, ka nemi ya tabbatar maka da wanda yake so ka riƙe.