Amsa ga ƙanenmu da ke son zama malamin tuƙin kayak

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun bayan isha'i na ga tambayarka, na ajiye wayar na sake ɗauka ya fi sau uku kafin in iya rubutu. Ka ce kana shekara ta biyu a jami'a a Faransa, ka shiga kulob ɗin kayak na ɗalibai (ƙaramin jirgin ruwan nan da ake tuƙawa da filafili), sun ce za su sa sunanka a horon zama monitar, wato malamin tuƙi, amma iyonka bai yi ƙwari ba kuma ba ka gaya musu ba, ga Hajiya ta ce ba da yawunta ba. Wallahi kamar da hannuna aka rubuta. Abin da na yi ke nan a shekarar 2016, kuma saura ƙiris ya ci raina.

Don Allah ka gaya musu. Gobe, ba jibi ba. Mu ƴan Damagaram ba sai na yi maka bayanin inda muka koyi ruwa ba, ɗan facal-facal ne a tabki da damina, shi ma a ɓoye kada a ji a gida. Can kuwa yaransu tun lakwal ake kai su pisin, wato ginannen wurin iyo. Dokarsu ta ce kafin ka shiga kayak a kulob sai ka iya iyon mita 25 kuma ka iya nutsar da kanka cikin ruwa. Ni na sa hannu a takardar na ce na iya. A ruwan pisin mai ɗumi, kusa da bango, ina iyawa ɗin da ƙyar. Kunya ce ta hana ni faɗin sauran.

Ranar da abin ya faru cikin watan Maris ne, mun je kogin Ardesh. Ruwan nan sanyi kamar an narkar da ƙanƙara. Ka san banten robar nan da ake ɗaurawa a ƙugu a rufe bakin jirgin da shi, mai ɗan madauki a gaba wanda za ka finciko idan ka kife? To da safe hannuna ya ƙage don sanyi, ina sauri kada a jira ni, na rufe banten madaukin yana ciki ban lura ba. Wanda ke jagorantar mu, ɗalibi ne babba da ya riga ya samu takardarsa, aikinsa ne ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya duba jile, wato rigar da ke hana nutsewa, ya duba hular kwano, ya duba madaukin nan. Bai duba ba. Yana can yana hira.

Mun zo inda ruwa ke gudu ya haɗu da wanda ke kwance bayan wani dutse, na karkata jirgin ta ɓangaren da bai kamata ba, kafin in ce me sai ga ni kai ƙasa. Ƙanena, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Sanyin ya daki ƙirjina, jikina da kansa yana son jan numfashi alhali ina cikin ruwa. Na lalubi madauki, babu. Na sake lalubawa, roba ce kawai santsi ƙarƙashin yatsuna. Ina ganin hasken sama kore-kore ta cikin ruwan, ina jin tsakuwa tana gogar hulata. An koya mana a buga gindin jirgi da tafin hannu don a kawo ɗauki, na buga, na buga. Na yi kalmar shahada a zuciyata, fuskar mahaifiyata ce kawai nake gani, ina tunanin wa zai kira ta ya gaya mata, da wane harshe. Wata yarinya da ke bayana, ita ma ɗaliba, ita ta cusa hancin jirginta kusa da hannuna, na damƙa na ɗago kai na shaƙi iska, sannan ta taimaka aka yage banten ta gefe. Har gobe ina yi mata addu'ar alheri.

Da muka fito bakin ruwa ina rawar ɗari ina amai, mutumin nan bai tambaye ni ya jikina ba. Gaban kowa ya ce dama mutanen hamada raƙumi ya dace da su. Wasu suka yi dariya. Da yamma kuma da ake rubuta abin da ya faru, ya ce ai ya duba kowa, ni ne na buɗe banten daga baya. Ƙarya a gabana, ina zaune. Faransancina lokacin idan raina ya ɓaci ƙwacewa yake, na kasa kare kaina. Na kwana ina kuka a cikin tanti, ba don ruwan ba, don wannan maganar. Shekaru sun wuce, na yi aure, na haihu, amma idan na tuna yadda ya ɗaga kafaɗa har yanzu zuciyata tafasa take. Na yafe masa don Allah, mantawa ce ta gagara. Kuma laifina da na ɓoye rashin iyo ban ɗora wa kowa ba, nawa ne.

Wata biyu ban je kulob ba. Wani dattijo cikin masu horarwa shi ya neme ni, na gaya masa gaskiya duka. Bai yi faɗa ba. Ya haɗa ni da malamin iyo, sau uku a mako, har na kai ina yin mita 200 ban taɓa bango don hutu ba. Sannan ya sa ni cikin pisin ina kifar da jirgi da gangan ina fita, ido buɗe, ido rufe, madauki a waje, madauki a ciki, har jikina ya haddace. Sai bayan nan muka taɓa eskimotaj, wato juyo da jirgi bayan ya kife ba tare da ka fita ba. Kowa shi yake ɗokin koya don a gan shi. Kada ya ruɗe ka. Sirrinsa a ƙugu yake, kai ne ƙarshen fitowa daga ruwa, kuma zai zo da lokacinsa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Wanda bai iya fid da kansa ba, ta yaya za a damƙa masa ƴaƴan mutane takwas?

Maganar takardu, ka bi matakan ƙwarewa na FFCK, hukumar kayak ta Faransa, waɗanda suke kira filafilai masu launi: fari, rawaya, tsanwa, shuɗi, ja, baƙi. Kada ka tsallake don wani ya ce ka iya. Ka yi horon taimakon gaggawa, yini guda ne. Abin da ba a gaya mini da wuri ba: takardar monitar ta hukumar ta aikin sa kai ce a kulob. Idan kuɗi kake son a biya ka a Faransa, sai da takardar sana'a irin CQP ko BPJEPS da katin aiki. Kada ka sa rai da shi za ka biya haya. Kuma kada ya ci maka karatu, iyayenka digiri suka tura ka nema.

Au, kafin in manta. Idan ka faɗa ruwa mai gudu kada ka yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa, dutse zai riƙe ƙafar ruwa ya danne ka. Ka kwanta rigingine, ƙafafu gaba. Igiyar ceto ba a ɗaura ta a jiki, ba a naɗe ta a hannu. Ƙananan madatsun nan da ruwa ke zubowa ta kansu kamar ba komai, su ne masu kisa, ruwan ƙasansu juyawa yake yana mayar da mutum. Da azumi kuma ni ban shiga kogi mai ƙarfi ba, pisin kawai, kuma na gaya musu dalili, sun fahimta.

Hajiya kuma, kada ka yi mata gardama, kuma kada ka yi a ɓoye. Tsoronta gaskiya ne. Kowace damina muna jin yaran da tabki da ramukan ɗibar ƙasa suka ci a garin nan. Ni tawa sai da na dawo hutu na ajiye jilen a gabanta, ta ɗaga ta juya ta, ta ja maɗaurin da hannunta, na nuna mata hotunan pisin, sannan ta ce Allah ya tsare. Ka samu kawunka ko wani babba da take jin maganarsa ya zauna da ita. Idan ta dage kan a'a, ka tsaya a koyon iyo, wannan ba na jin za ta hana.

Za su ce maka me za ka yi da kayak a garin da ake layin jarka. An faɗa mini. Gaskiya tun da na dawo ban zauna cikin kayak ba sai sau biyu a Yamai, kilomita kusan 900 daga nan, can ma sai ka tambayi masunta inda dorina take. Tabkin Gidimuni na kan hanyar Gure na je na duba, amma ruwan kwance irin namu akwai tsargiya, ba na kai yara ciki. Abin da nake yi shi ne idan damina ta kusa in tara yaran unguwarmu a ƙofar gida, in shimfiɗa tabarma, in nuna musu yadda ake miƙa wa wanda ke nutsewa sanda ko a jefa masa jarka rufaffiya maimakon a faɗa a bi shi, da yadda ake danna ƙirji. Jile biyu gare ni kacal da igiya ɗaya, robar ɗayan ma zafi ya fara cinye ta. Idan za ka zo hutu ka tambayi kulob ɗinku ko suna da na yara da suka daina amfani da su amma masu lafiya, ka saka mini ko guda uku a jaka. Kuma ka rubuto mana nan abin da suka ce bayan ka gaya musu maganar iyon, ina jira.