Lambar yaƙin nan ta gaske ce ko jabu?

Ka ce an yi maka tallan British War Medal, lambar yabon Birtaniya ta Yaƙin Duniya na Farko, kana tsoron kada a sayar maka da jabu. Fara duba bakinta. A nan Birtaniya ta buga lambar sojan, muƙaminsa, sunansa da rundunarsa. Haska tocila a karkace: idan an kankare tsohon suna aka sa wani, za ka ga wurin ya sirance, haruffan ba su tafi a layi ɗaya ba. Ta asali galibi azurfa ce (akwai kaɗan na tagulla), faɗinta milimita 36. Sunan kuma ka neme shi a katunan lambobin yabo na National Archives, ma'ajiyar takardun tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan.

Ta gaske buga ta aka yi, zanenta ya fito raɗau. Jabu ta zubi kuwa ba ka rasa ƙananan ramuka a jikinta.

Sabon ƙyallen ratayawa a jikinta ba laifi, tsofaffin sukan ruɓe. Amma don Allah kada ka goge ta ta yi ƙyalli. Baƙin tsufan nan masu saye suke nema, gugar kuma cinye zanen take yi, kuɗinta ya faɗi.