Sabis ba ya shiga ɗakina a Aboabo: in bar layin ne ko in ƙara wani?

Wata 'yar kasuwa daga Aboabo a Kumasi ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shago a Kejetia, ina sayar da atamfa da leshi da mayafai, amma kusan rabin cinikina a WhatsApp nake yi da daddare bayan na koma gida. Tun da muka tashi zuwa sabon gidan haya sabis ba ya shiga ɗakina. Hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa bai tafi ba, kira yana yankewa, saƙon momo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, wani lokaci sai da safe yake shigowa. Masu sari daga Tamale da Accra sun fara ƙorafi. Ƙanena ya ce in yar da layin in koma wani kamfani. Wane layi ne ya fi ƙarfi a Kumasi?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi.

Kafin komai, kada ki yar da wannan layi. Lambar da masu sari suka adana a wayoyinsu, wadda ke rubuce a ledar shagonki, wadda ake turo miki kuɗi a kanta, jari ce kamar kayan da ke kan kanta. Matar da ta saye leshi a hannunki bara ba za ta zo Kejetia neman sabuwar lambarki ba. Za ta kira sau biyu, ta ji a kashe, ta nemi wata mai leshi.

Tambayar wane layi ya fi ƙarfi a Kumasi kuwa, duk wanda ya ba ki amsa da suna ɗaya bai shiga ɗakinki ba. Kamfanoni uku ne a hannun jama'a a ƙasar nan: MTN, da Telecel wanda a da ake kira Vodafone, da AT wanda a da ake kira AirtelTigo. MTN ya fi yawan masu layi nesa ba kusa ba, har hukumar sadarwa ta NCA ta ayyana shi a 2020 a matsayin kamfanin da ya fi rinjaye a kasuwa. Amma girman kamfani ba shi ke kawo sabis kan gadonki ba. Abin da ke kawo shi turken sadarwa da ya fi kusa da gidan ne, da abin da ya tsaya tsakaninki da turken, da yawan mutanen da ke ɗibar sabis daga gare shi a lokacin da ke ma kike buƙata. Layin da ke gudu a bakin titin Asawase yana iya mutuwa a ɗaki na ƙarshe cikin gida ɗaya a Aboabo.

Ki dubi yadda gidajenmu na zango suke. Ɗakuna a jere bango da bango, bulo mai kauri, rufin kwano, taga ƙarama ɗaya mai ƙarfen tsaro da raga, wataƙila kuma maƙwabci ya ɗora bene ya tsare gefe guda. Siminti da ƙarfe suna cinye sigina. Saboda haka ki fara rarrabe matsalarki, domin iri biyu ce kuma maganinsu daban. In kin fito tsakar gida sabis ya cika, kin koma ɗaki ya zube, to ginin ne. In kuwa sandunan sabis a cike suke amma hoto ya ƙi tafiya, kuma abin ya fi tsanani daga magariba zuwa goma na dare, bayan sallar asuba kuma komai ya tafi sumul, to cunkoso ne: unguwa ta dawo gida, kowa ya hau bidiyo, turke ɗaya ke ɗauke da kowa. Kamar famfon unguwa ne da safe, ruwa na zuwa amma bokitai sun yi yawa.

Sandunan nan da ke saman waya ba abin dogaro ba ne sosai, kowace waya da yadda take zana nata. In Android gare ki, ki sa ƙanen naki ya shiga saitin, wajen bayanin waya, ya buɗe inda ake nuna halin layi. Zai ga wata lamba mai alamar ragi a gabanta da haruffan dBm. Wajen -80 sabis ne mai kyau, in ta kai -110 ko ta wuce to da ƙyar wayar ke riƙe da turken. Ku karanta ta a kan gado, a bakin taga, a ƙofar ɗaki, da tsakar gida. Sau da yawa za ki ga taku uku kacal ya canza lambar sosai.

Sai gwajin da ya fi komai amfani, wanda kuma kusan kyauta ne. A gidan haya ba a rasa mai MTN, mai Telecel da mai AT. Ki roƙi maƙwabta su shigo ɗakinki da wayoyinsu a daidai lokacin da kike ciniki, ki ba su kuɗin data kaɗan. Kowa ya tura hoton atamfa iri ɗaya, ya yi kiran bidiyo na minti biyu, ya buga lambar momo ya ga ko za ta buɗe ba tare da ta yanke ba. Ku maimaita a darare daban-daban har da Asabar ko Lahadi, domin dare ɗaya yana iya yaudara, musamman in an ɗauke wuta. Ki lura da wayar ma: tsohuwar waya da ba ta kama 4G za ta sa ki zagi layin da ba shi da laifi. In da hali, a zare layukan a gwada su a cikin taki wayar.

In gwaji ya nuna wani layi ya fi naki a ɗakin, ki saye shi ki ƙara a rami na biyu na wayar, ki mai da shi na data. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, WhatsApp bai damu da layin da ke ba shi intanet ba. Lambarki ta kasuwa tana nan yadda take, hotuna kuma su bi ta sabon layi. Ki yi masa rajista da katinki na ɗan ƙasa, wato Ghana Card, da sunanki, a ofishin kamfani ko wajen wakilinsu na gaskiya. Kada ki karɓi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani don ya fi sauƙi; ranar da ya ɓata ko aka rufe shi ba ki da bakin magana. Layi biyu yana da wani amfanin kuma. Duk mai ciniki ta waya ya tuna Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace aka kwana biyu ana fama, kuma ba duka kamfanoni abin ya taɓa daidai ba.

In ginin ne matsalar, ƙaramar na'urar Wi-Fi da ake sa wa layi ta fi sauya kamfani. A ajiye ta inda lambar dBm ɗin nan ta fi kyau, saman taga ko kusa da ƙofa, ke kuma ki zauna inda kika ga dama. Ki nemi mai batir saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Kafin ki saya ki tambaya ko tana karɓar kowane layi ko an ɗaure ta da kamfani ɗaya. Na'urar ƙara ƙarfin sigina da wasu ke tallatawa mai eriya a kan rufi, ki bar ta: sai da izinin hukuma ake sa irinta, kuma mara kyau tana dagula sabis ɗin maƙwabta.

Ki yi lissafin abin da idon kasuwa. A ce ribarki a turmi ɗaya sidi 30 ce, kuma rashin sabis na kore miki masu saye uku a mako. Sidi 360 ke nan a wata. Ki sa naki alƙaluman na gaskiya, ki kwatanta da kuɗin data na layi na biyu da na na'urar, za ki ga wanda ya fi tsada.

Maganar saƙon momo da ke makara ita ta fi damuna, domin nan ɓarayi ke shiga. Wanda ya san sabis ɗinki na wasa zai turo hoton rasit na ƙarya ko saƙon da ya rubuta da hannunsa, ya ce an tura, netwok ne bai kawo ba, a ba direba kaya. Kada turmi ya bar hannunki sai kin buga lambar asusunki kin ga kuɗin da idonki, *170# a MTN, *110# a Telecel da AT. Wannan ba ya buƙatar data, in kin fita tsakar gida zai buɗe. Kuma ko wa ya kira da sunan kamfani, lambar sirrinki ba ta fita daga bakinki.

Saura hanyar ƙarshe, in layin naki ya kasa ko a tsakar gida, kin kira 100, lambar kai ƙorafi ga kamfani, kin kai ƙara kuma bai canza komai ba. Tun 2011 ana iya komawa wani kamfani da lamba ɗaya a Ghana, ba sai an canza komai a cikinta ba. Ana zuwa ofishin kamfanin da ake son komawa ne da Ghana Card da wayar. Sai dai lambar kaɗai ke tafiya. Asusun momo na tsohon kamfani ne, don haka ki kwashe kuɗinki tas, ki biya duk bashin da kika ci a kansa, ki ƙarar da kati da data, sannan ki buɗe sabon asusu. Tun 2018 ana tura kuɗi daga wani kamfani zuwa wani, amma ki tambayi manyan masu sarinki wane asusu suke amfani da shi da nawa ake cire musu in sun tura wa wani layi, ki kuma duba ko ejen da ke kusa da shagonki yana biyan kuɗin wancan kamfani. Kada kuma ki yi wannan sauyi a makon sallah ko lokacin bukukuwa da oda ta yi yawa, ki bari sai kasuwa ta lafa.