Hukuncin biyan lebura da tikitin kanti da zaftare masa lada

Tambaya: Malam, ina karatun tarihin Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya (1837 zuwa 1901). Na ga wasu masu ma'adinai da maƙera ba sa ba lebura kuɗi, sai tikiti da ba ya ciwuwa sai a kantinsu, ga tara idan ya makara. Yaya Shari'a take kallon wannan?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan babin ijara ne, wato ɗaukar mutum aiki da lada, kuma sharaɗinta lada ya kasance sananne tun kafin a kama aiki.

Biyan lada da kaya halal ne a asali. Da an ce wa lebura ladan makonsa mudu kaza na alkama, ya yarda, to an gama. Abin da aka yi a garuruwan kwal da ƙarfe na kudancin Wels da tsakiyar Ingila daban ne. Za a yanka masa lada da sule, ranar biya kuma a miƙa masa tikiti. Garin fulawa, shayi da kyandir duk sun fi tsada a kantin maigida, shi kuwa ba shi da damar zuwa kasuwa. Sulensa na kwabo 12 ya koma ba ya sayen kayan kwabo 12, kuma bai san nawa zai ragu ba sai ya tsaya gaban mai awo. Nan lada ya zama majahuli, wato ba sananne ba, cinikin kuma babu yarda, alhali aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta shardanta yarda. Haramun ne, kuma bambancin farashin bashi ne a wuyan maigida. Majalisar dokokin Birtaniya ma ta hana shi a wasu sana'o'i tun 1831, ta faɗaɗa hanin a 1887, don an daɗe ana zagaye dokar.

Tara kuwa sai an rarrabe. Leburan masaƙa, alal misali, ajiri ne keɓantacce, wato ɗan ƙodagon mutum ɗaya, lokacinsa aka saya. Idan ya makara rabin awa, a cire ladan rabin awa, wannan adalci ne. Amma a rufe ƙofa don ya makara minti kaɗan, a cire masa na rubu'in wuni, abin da ya haura lokacin da ya rasa cin dukiya ne da ɓarna. Idan an haɗa da taɓa agogon masaƙa, kamar yadda ma'aikata suka riƙa kuka, to ya shiga tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko.

Haka cire kuɗin zaren da ya tsinke ko ƙyallen da ya ɓaci. Ajiri amintacce ne, ba ya ramuwa sai da ganganci ko sakaci bayyananne. Kada a kafa hujja da lamuncewar da Malikiyya suka ɗora wa masu sana'a, wato biyan kayan da suka ɓaci a hannunsu, domin wannan kan maɗinki ko marini ne da ya buɗe wa jama'a shago, yake tafiya da kayan mutane inda ba sa gani. Wanda yake tsaye gaban injin maigida awa 12, ƙarƙashin idon mai duba aiki, ba ya cikinsu.

Cewa ai ya sa hannu ba ya halatta sharaɗi ɓatacce. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aiki cikakke, bai ba shi ladansa ba. Wallahu a'alam.