Tambaya da Amsa: Rubutu mai kauri a allon shago

Tambaya: Malam, ina da shagon turare a Zariya. Mai buga allo ya nuna mini wani rubutu mai kauri da ya karkata dama, wai shi ake yayi. In yi da shi?

Amsa: Hajiya, yi, amma a sunan shagon kaɗai. An tsara shi ne don a hango daga nesa: kaurin yana jan ido, karkatar kuma tana sa kalma kamar tana gudu. Daga Italiya karkatar ta samo asali, inda wani mai buga littattafai, Aldus Manutius, ya fara buga littafi da ita a 1501, shi ya sa ake ce mata italik. Lambar waya kuwa a bar ta a miƙe, don in ta yi ƙanana a cikin kauri, 3 da 8 sai su rikice.

Sannan kafin ki biya, sa ya rubuta "ƙamshi" a kwamfutarsa ki gani. Yawancin irin rubutun nan ba su da ƙ, ɗ, ɓ. Na taɓa ganin allon da ƙ ɗinsa ya tsaya siriri, a miƙe, sauran haruffan duk sun kishingiɗa.